Ranar da Motar Baffa Ta Taka da Ƙafa Huɗu

...Ai kuwa ina kai hannu kan guntun ƙarfen nan sai na ji tafin hannuna ya jiƙe sharkaf da zufa, Baffa na hararata ta nan, Kofur na kallona ta can, ni kuma ban san wanda zan yarda da shi ba! Kai, na yi gaggawa. Ku yi haƙuri jama'a, haka nake in zancen mota ya motsa, sai in faro daga tsakiya. Bari in koma baya in ɗauko muku shi tun daga tushe, don wannan rana ko zan manta da ƙofar gidanmu ba zan manta da ita ba.

Ni ɗan Tambuwal ne. Gidanmu gidan noma ne da kiwo tun kaka da kakanni. Da aka gama babban yaƙi, sojoji suka dawo daga ƙasar Bama, sai Turawa suka yi gwanjon tsofaffin motocin soja. Baffana, wato ƙanen mahaifina wanda ya riƙe ni tun ina maraya, ya tattara garken gidan kakaf, har da shanun da na gada da na innata, ya sayar ya sayo lori guda. In ban da 'yan masu tatsa ba abin da ya rage a ruga. Saboda haka ku gane tun yanzu, motar nan ita ce garkenmu. In ta mutu, ba shanu ba mota, sai mu zauna mu kalli juna.

Baffa bai iya tuƙi ba, kuma bai taɓa sha'awar koyo ba. Direban da ya ɗauko daga Sakkwato bai daɗe ba ya ce garin ya yi masa shiru, ya koma. Ni kuwa tun ranar da motar ta shigo gari hankalina ya bar gona. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Ƙafafun direban nan nake kallo in muna tafiya, in ga yadda yake taka kuloci sau biyu kafin ya sauya giya. In ya tafi cin abinci sai in shige ƙarƙashin mota in kwanta rigingine, in kama ƙarfe ɗaya in bi shi da hannu har in ga inda ya dosa. Haka na koya. Ranar da direba ya tafi, ni na mayar da mota gida daga kasuwar Sanyinna, daga baya na je Sakkwato aka gwada ni aka ba ni lasin.

To amma ni tuƙi kawai nake, mai mota shi ne Baffa, kuma kullum yana gefena a gidan gaba da sandarsa tsakanin ƙafafu. Shi fa har yau bai yarda mota ba dabba ba ce. Da safe sai ya zagaya ta, ya shafa gefenta, ya durƙusa ya duba abin da ya ɗiga ƙarƙashinta kamar mai duba kashin saniya. Kuma da kunne yake auna lafiyarta. In inji ya yi ƙara, to wahala take sha. In ya yi shiru yana gurnani a hankali, to ta ji daɗi. Shi ya sa duk duniya ba abin da yake so kamar lamba huɗu, giyar ƙarshe. Da na tashi a lamba ɗaya inji ya ɗaga murya, sai ya ce, "Kai, sassauta mata mana! Ba ka jin kukanta?"

Ga kuma wani abu. Kusa da sandar giya akwai wani guntun ƙarfe mai ɗan kai, bai wuce taƙi ba. Ranar gwanjo tafinta ya gaya wa Baffa cewa Bature ya ce kada a taɓa shi a kan hanya. Baffa bai tambayi dalili ba, ya naɗe shi da jar fata, ya rataya masa laya, ya ce duk wanda ya taɓa shi ba shi ba motarsa. Ni kuma na riga na bi shi da hannu ta ƙarƙashi. Na ga ya shiga wani ɗan akwati bayan akwatin giya, daga nan kuma wata farfela, wato doguwar sandar ƙarfe mai juyawa, ta fito ta nufi tayoyin gaba. Abin ya daɗe yana cina. Me za a kai wa tayoyin gaba? Amma tsoron Baffa ya hana ni gwadawa.

Saura mutum ɗaya in gabatar muku, Kofur. Ɗan gwaggon su Baffa ne, wato taubashinsa. Kun san wasan taubasai, ba a fushi, ba a kai ƙara, duk abin da ɗaya ya yi wa ɗaya sai dai rama. Kofur ya yi soja, ya tuƙa mota a Bama, ya dawo da ɗingishi da bakin magana, shi ma ya sayi wata tsohuwar lori. Motoci biyu ke nan a garin, kaya ɗaya suke nema. Mugun halin Kofur shi ne fuskarsa ba ta sauyawa, da gaskiya da ƙarya duk da murya ɗaya yake faɗinsu. Ya taɓa samun Baffa a gindin tsamiya ya ce masa a Bama duk wata sai an ba mota kanwa kamar shanu, in ba haka ba hantarta ta kumbura. Baffa ya jiƙa kanwa cikin ƙwarya ya ɗura a lagireto ban sani ba. Mun sha wahala kafin mu wanke shi, gari kuwa ya sha dariya. Tun daga ranar, ko Kofur ya ce rana ta fito, sai Baffa ya leƙa waje.

Ranar da nake ba ku labari, da kaka ne, ruwa ya ɗauke, an buɗe hanyar Kebbe. Mun kai gishiri da kananzir kasuwa, mun sauke, muna shirin juyowa da hantsi, sai ga Kofur yana ɗingiso mana da hula a hannu. Injin motarsa ya buga, tana can bakin kasuwa kamar mushe. A Kebbe ba makanike, sai an kai ta Tambuwal. Kuma bai zo shi kaɗai ba, ya jawo dattawan gari a bayansa, don ya san a gabansu Baffa ba zai iya cewa a'a ba.

"Bawana," in ji Kofur, "yau ubangidanka na son hawa bayanka."

"Wa ab bawanka?" in ji Baffa. "Kai da anka sayo uwayenka da gero? Motag ga taka lafiya lau take, wani abu dai kaka shiryawa."

Dattawa suka yi dariya, suka ce ba a barin ɗan'uwa a hanya. Baffa ya ce to. Amma da muka koma gefe ya kama kunnena ya ce, "Buɗe idonka. So shikai mu ja mushenai har tamu ta mutu, sannan shi gyara tashi shi kwashe audugar bana shi kaɗai."

Gaskiya ni ma na yi wannan tunani. Na je na buɗe kan injin Kofur da kaina, na sa ƙarfen tayarwa na murɗa, ya ƙi juyawa. To, mutuwar dai gaskiya ce. Muka ɗaura sarƙa daga gindin tamu zuwa gaban tasa, Kofur zai zauna a tasa ya riƙe sitiyari da birki. Yana ɗaure sarƙar ne ya ce mini ƙasa-ƙasa, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗana, mota mai jan mota ba ta gudu. Tashi da lamba ɗaya, saki kuloci sannu har sarƙa ta miƙe. In ka ga tudu, sauko da giya tun ba ka kai ba. In munka kai rafi kuwa, tsaya mu yi magana."

Baffa ya hango mu. Ina shiga mota ya ce, "Mi yac ce maka?"

Na gaya masa. Ya yi tsaki ya ce, "Kanwa ta." Sannan ya ƙura mini ido ya ce, "Kwanaki na gane ku ga kasuwar Sanyinna kuna ƙus-ƙus." Wallahi tambayarsa kawai na yi yadda ake ɗaure filogi, amma kun ga ke nan ni ma na shiga cikin waɗanda ake zargi.

Muka kama hanya. Hanyar Kebbe kun san ta, in ba yashi ba to marmara, in ba marmara ba to kwazazzabo. A shimfiɗe ba laifi, lamba biyu, in an sami wuri mai tauri lamba uku. Sai ga wani dogon tudu. Tun daga nesa na taka kuloci sau biyu na sauko lamba biyu, inji ya ɗaga murya ya kama hawa daram. Baffa ya fara mutsu-mutsu.

"Tana kuka."

"Baffa, aiki take."

"Nic ce tana kuka! Sa mata wadda take jin daɗi. Ko shi yac ce ka wahalshe ta?"

Na sa lamba uku. Inji ya yi shiru. Baffa ya gyara zama ya ce, "Yawwa." Ba mu yi nisa ba sai na ji sitiyari na kakkarwa a hannuna, inji na gwaf-gwaf-gwaf kamar tsoho mai tari, mota na fizga, sarƙa ta saki ta miƙe, ta saki ta miƙe, duk miƙewa sai ka ji kamar za ta tsinke gindin bodi. Don kada inji ya mutu na ɗan danne kuloci rabi, nan take wani ƙauri ya cika gidan gaba. Duk direban da ya taɓa jin ƙaurin kuloci ya san abin da nake nufi, kamar an jefa tsohon takalmi a wuta. Da ƙyar na komo da ita lamba ɗaya muka ƙarasa kan tudun muka tsaya.

Baffa ya dira ƙasa da sanda a hannu. Shi a wurinsa magana ta fito fili, mota tana cikin jin daɗinta aka riƙe ta ta baya. "Birki kaka takawa, munafuki!"

Kofur ya leƙo ta taga ya ce, "Ni? Ƙafata guda ce mai lafiya, ita ma tana hutawa."

Ni kaina zuciyata ta kasu biyu. Na san lamba uku ba ta hawan tudu da mota a baya, amma nauyin da na ji ya yi yawa. Sai dabara ta zo mini, in ya taka birki ai ƙarfen cikin taya zai yi zafi. Na zagaya na ɗora hannu a kan na motarsa. Ba zafi ba, ba sanyi ba, ɗumi-ɗumi. Na tambaye shi, ya ce, "Awo, in muna gangara ina ɗan taɓa shi, don sarƙa ta zauna miƙe kada in hau bayanku. Haka aka yi." Ni na ga hankali a maganar. Baffa kuwa abin da ya ji kawai shi ne Kofur ya amsa da bakinsa cewa yana taka birki.

Haka muka ci gaba, kowa na zargin kowa, har muka iso rafin.

Wannan mashigi, jama'a, ba gada. Gangara ce mai tsayi ka sauka cikin yashi mai laushi da ɗan ruwa iya idon sawu, ka ƙetare, sannan gaɓar can ta miƙe tsaye da jar ƙasa, ga kwana a samanta. Da mota ɗaya babu kaya ma sai an yi addu'a. Na tsaya a sama, muka sauko mu uku muna kallo. Kofur ya sosa gemu ya ce, "To, yanzu lokacin guntu ya yi."

"Wane guntu?" in ji Baffa.

"Wancan da kar rataya ma laya kamar jinjiri. Irin motag ga nit tuƙa Bama. A tsaya cik, a tura guntu, a sa lamba biyu. Giyar da kas sauka da ita, da ita za ka hau. In ka taɓa kuloci tsakiyar gaɓar can, sarƙa ta saki, mu dawo da baya mu duka."

Baffa ya yi wata dariya marar daɗi. "Ka ji ko? Abin da Bature yac ce kada a taɓa, shi ɗan gwaggo ka son a taɓa. Ga kanwa ta biyu."

Ni kuma na tsaya ina kallon fuskar Kofur ko zan ga alama. Babu. Fuskar nan dai ta ranar kanwa. Zuciya ɗaya ta ce mini, mutumin nan fa shi zai zauna a motar baya, in muka dawo da baya shi za mu fara murƙushewa, taubashi na wasa amma ba ya sa wuyansa. Ɗaya zuciyar ta ce, in kuma guntun nan ya farfasa akwatin giya tun a cikin yashi fa, ai ba wanda zai ji ciwo, garkenmu ne kawai zai mutu a rafi. Sai na tuna farfelar nan da na bi da hannu. Ita dai ba ta yi mini ƙarya ba.

Na ce, "Baffa, kada mu yarda da shi, kada kuma mu ƙi. A kwance sarƙa, in gwada guntun ga fili can, ba kaya ba kowa. In na ji abin da ban gane ba, in mayar."

Ya daɗe yana tauna goro. Rana ta take, ga shi ba mu da wata hanya sai rafin. Can ya shiga mota, ya yi bisimilla, ya kwance layar da hannunsa ya sa a aljihu, ya sauko. Muka kwance sarƙa, na ja mota zuwa filin. Nan ne fa na faro muku labari, hannuna kan guntun ƙarfe, zufa na zuba. Na taka kuloci har ƙasa, na tura. Ya ƙi. Na ɗan jijjiga, na sake turawa, sai na ji ƙarƙashin mota ya ce ƙwal! Baffa ya ce, "Innalillahi, ta karye." Na sa lamba biyu, na saki kuloci a hankali.

Inji ya kwarma ihu irin wanda ba mu taɓa ji ba, mota kuwa ta kama tafiya kamar hawainiya. Yaro mai tallar fura zai wuce ta.

"Tsaya! Tsaya!" in ji Baffa yana bin ta da ƙafa yana dukan ƙofa. "Ka gani? Ga kuka ga rashin tafiya! Ya kashe muna ita!"

Amma ni abin da na ji a ƙarƙashina daban ne. Yashin da muke ciki da ma sai tayoyin baya sun yi ta tona kafin mu fita, yanzu kuwa motar ta bi ta kansa kamar daɓe. Na tsaya na sauko cike da murna. Na rasa yadda zan fahimtar da shi da maganar ƙarfe, sai na ɗauko masa tasa.

Na ce, "Baffa, shekarar da shanunmu sunka kafe ga lakaf fadama, wace kaf fi jin tsoro, mai kuka ko wadda tay yi shiru?"

Ya dube ni. Ya ce, "Mai kuka da sauran ƙarfinta. Wadda tay yi shiru ita aka nema ma wuƙa."

"To ɗazu ga tudu, yaushe munka ji ƙauri? Tana kuka ko ta yi shiru?"

Ya sunkuyar da kai, kuma da yake makiyayi in ya sunkuyar da kai sawu yake gani, sai idonsa ya faɗa kan sawun taya. Ya durƙusa. Ya bi sawun baya, ya koma ya bi na gaba, ya ɗebi yashin da tayar gaba ta watsa ya murza. Ya ɗago a hankali ya ce, "Kai, ƙafafun gaba ma sun tura ƙasa. Da ƙafa fuɗu taka tafiya yanzu."

"Awo, Baffa."

"To da can da nawa taka yi?"

"Biyu."

Ya dafa motar kamar mai ba ta haƙuri. Kofur ya ce, "Shekara da shekaru ka ɗaure ma saniyarka dabaibayi da laya, kana cewa kai makiyayi na!"

Kada ku ce zargi ya ƙare nan. Baffa ya yarda da guntu, bai yarda da Kofur ba. Da muka mayar da sarƙa sai ya ce shi a motar baya zai zauna, ya sa ido kan ƙafar taubashinsa. Ya hau, ya gitta sandarsa bisa gwiwar Kofur, ya ce, "Ta motsa in karya mai lafiyar." Haka na shiga gidan gaba ni kaɗai, garken gidanmu duka a hannuna.

Guntu a ture, lamba biyu, na yi bisimilla na saki. A gangara ban ko taɓa birki ba, inji da kansa ya riƙe ta, tana sauka taki-taki kamar takarkari mai kaya. Muka shiga yashi, ruwa ya fantsama, sarƙa a miƙe. Na ƙara totur kaɗan na riƙe shi wuri ɗaya. Hancin mota ya ɗaga sama, ba na ganin komai sai sararin Allah da kan wata giginya. Tana hawa, tana hawa, inji na ihu, ni ma ina ihu ban sani ba.

Muna tsakiyar gaɓa sai na ji kamar an ɗaura mana dutse. Mota ta yi nauyi gaba ɗaya, muryar inji ta fara dusashewa. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, shi ke nan, ya taka! Baffa ya yi gaskiya, mugun nan ya jira wurin da ya fi muni. Hannuna ya tafi kan sandar giya da kansa yana neman lamba ɗaya, ƙafar hagu ta ɗaga tana neman kuloci. To amma wanda ya ce kada in taɓa kuloci shi ne wanda nake zargi yanzu. In bi maganarsa ko in saɓa? Duk wannan cikin ƙiftawar ido ne. Abin da ya cece ni ba yarda da Kofur ba ne, tunawa na yi da fizgar sarƙa a tudun ɗazu, wadda na ji da jikina. In na taka kuloci, ƙarfi ya yanke, nauyin mota biyu ya ja mu baya. Na mayar da ƙafata ƙasa, na kama sitiyari da hannu biyu, na danna totur har ya taɓa katako.

Ta yi gurnani, ta karkarwa, jar ƙasa na tashi ta ko'ina, ƙafafun nan huɗu suna ƙwaƙular gaɓa. Taƙi, taƙi, taƙi. Sai na ga hanci ya sunkuya, hanya ta bayyana. Na sha kwana, na ja har na tabbata motar baya ta hau fili, na tsaya, na kashe inji.

Na diro a fusace na nufi Kofur, na manta da girmansa. Na ce, "Baba Kofur, don mi? Mi munka yi maka?"

Na tarar da shi kwance kan sitiyari, dariya ta hana shi numfashi, hawaye na zuba, ƙafafunsa biyu a naɗe kan kujera nesa da birki. Bai iya magana ba, sai nuni da yake yi da yatsa. Na duba. Ga Baffa a gefensa, ido a rufe gam, rawani ya zame, baki na ta salati, hannuwansa biyu sun ƙanƙame wani ƙarfe sun ja shi har ƙirji. Birkin hannu ne. Da motar ta ɗaga hanci ya ga sama, ya nemi abin riƙewa, abin da hannunsa ya samu ke nan.

"Baffa," na ce, "mun hau. Saki."

Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ya taka ko?"

Kofur ya samu numfashi ya ce, "Bai taka ba, bawana. Mai gadin birki dai ya ja."

Da ƙyar muka ɓamɓare yatsunsa. Ya sauko, ya gyara rawani, ya zagaya motarmu ya shafa ta tun daga hanci har gindi. Ku duba fa, mota da mota a baya, a gaɓa, ga birkin hannu a jaye, amma ta hau. Da a lamba ukun da Baffa ya sa ni a tudu muke, da yanzu wani ne ke ba ku labarin nan.

Kafin mu tashi Kofur ya ce in mayar da guntu wurinsa, don daga nan hanya ta yi tauri, kuma a kan hanya mai tauri in ana gudu guntu ɓarna yake yi. Ashe maganar Bature gaskiya ce, rabinta ne kawai ya iso kunnen Baffa. Wannan karon Baffa bai ce kanwa ba, ni ya duba, na gyaɗa kai, ya ce a mayar. Muka shiga Tambuwal da la'asar, lamba biyu da uku, inji na waƙarsa, ba wanda ya ce in sassauta mata. Layar ma ba ta koma kan guntu ba, a madubi take rataye har yau.

Shekaru sun shuɗe, motar nan tana nan, ni ke tuƙa ta, kuma ta mayar mana da 'yan shanu ruga. Baffa da Kofur kuwa ba abin da ya sauya. Kofur ba ya kiransa da komai yanzu sai mai gadin birki, shi kuma in Kofur ya faɗi wata magana a kan mota sai ya jawo ni gefe ya ce, "Tafi ka gwada ta ga fili tukuna."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake son duk mai sha'awar tuƙi ya riƙe. In kana jan mota, zaɓi giyarka tun kana ƙasa, ƙarama, kada ka ji kunyar tafiyar hawainiya, kada ka sauya a tsakiyar tudu, kuma kada shirun inji ya ruɗe ka. Na biyu, in kana zargin mutum, kada ka haɗiye maganarsa, kada kuma ka zubar da ita don kawai daga bakinsa ta fito. Kwance sarƙa ka gwada ta a fili kafin ka kai ta rafi. Mu ranar nan duk idonmu na kan ƙafar Kofur, ba wanda ya duba hannun Baffa.

To ku fa, 'yan'uwana direbobi da yaran mota na hanyar Jega da Yawuri da sauran wurare, wa ya taɓa jan mota ya ƙetare rafi? Da wace giya kuka hau? Akwai mai irin guntun nan a motarsa, kuma me kuke kiransa a wajenku? Don Allah ku ba mu labari, ni dai kunnena a buɗe yake.